Maganaɗisun Da Ido Bai Taɓa Gani Ba



Ya 'yan'uwana matasa, ina ganin lokaci ya yi da za mu daina tura wa juna hotunan gajimare na jabu da sunan mu'ujiza, mu koma ga ayoyin Allah na haƙiƙa da ke sama.

Akwai gungun taurari mai suna M87, wanda haskensa ke shafe kimanin shekara miliyan 55 kafin ya iso mana. A tsakiyarsa akwai baƙin rami, daga kewayensa kuma wani feshi ke fita, tsawonsa tafiyar haske ta kimanin shekara 5,000. Heber Curtis ya lura da shi a 1918. A 1956 Walter Baade ya gano cewa hasken feshin yana kaɗawa ta fuska ɗaya, saɓanin hasken rana. Dalili kuwa, ƙwayoyin ilektaron ne ke zagaya layukan maganaɗisu da gudu kusan na haske. Ta auna fuskar hasken, masana suka zana wannan maganaɗisu, har a 2021 suka nuna tsarinsa a gefen ramin kansa.

Ashe ɓoyayyen abu da alamarsa ake gane shi. Irin wannan tafakkuri sai da lissafi da haƙuri. Saboda haka, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Jihar Kaduna ko ta Ahmadu Bello, kada ka raina karatunka. Ka gyara niyya, ya zama ibada.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.

Daga Doka, Kaduna.