Buroshi Mai Batir: Ci Gaba Ko Burga?

'Yan'uwana ɗalibai, wani sabon yayi ya shigo ɗakunan kwananmu, wai buroshi mai batir. Kullum safiya sai ka ji shi yana ƙugi a bakin famfo, mai shi yana yi wa masu asuwaki kallon ƙauyawa. Ni ma na saya, gani kuwa ya kori ji.

Ban ce abin banza ne ba. Tun 1954 aka ƙera buroshin lantarki a Suwizalan, kuma yana taimakon wanda hannunsa ba ya juyuwa sosai. Amma mai arahar nan, da batir ya yi sanyi ya zama kara. Kansa duk wata 3 ake sakewa, na zaga kasuwa ban samu ba.

Abin da haƙori ke so shi ne gogewar minti 2 safe da dare, da man goge baki mai fuloraid, da rage sukari. Wanda ya fi kowa burga a ɗakinmu, lemon kwalba yake sha ya kwanta bai goge ba. Makon jiya aka cire masa haƙori. To, ina amfanin ƙugin? Batir ba ya maganin lalaci. Ni dai na koma wa buroshin hannu da asuwakina.