Littafin Hisabi Kafin Ranar Hisabi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan uwana matasa, a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, bayan an riga an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa nan Sheme. Mun ji jiki, Allah kada Ya maimaita mana. Sai dai a waɗannan watanni na gano wani abu game da kaina. Kuɗin kati da data suka zauna a aljihuna. Saƙon da a da nake turawa ta waya, sai na taka da ƙafata in isar. Jikina ya yi sakayau, ina kwanciya da wuri, Asuba kuma a sahun farko. Da aka maido da layi, na yi alkawarin ɗorewa a kan haka. Ko wata biyu ban cika ba na koma gidan jiya.

Niyyata tana da kyau, amma ba ni da ma'aunin da zai nuna mini ranar da na fara zamewa. Wannan ma'auni shi malamai ke kira muhasaba. Malam Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a shekara ta 243 bayan Hijira, ya sami laƙabinsa ne saboda yawan yi wa kansa hisabi. Imam Gazali kuwa babi guda ya ware mata a cikin Ihya'u Ulumid Din, inda ya kwatanta mutum da zuciyarsa da abokan kasuwanci biyu: a gindaya sharaɗi da safe, a zauna lissafi da dare. Kuma hadisin Tirmizi ya sanar da mu cewa a ranar Alƙiyama za a tambayi bawa dukiyarsa, ta ina ya same ta, a ina ya kashe ta, a kuma tambaye shi jikinsa.

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, albashin Islamiyya ya daina kai ni ƙarshen wata. Sai na sayi littafin rubutu irin na ɗalibaina, na raba kowane shafi biyu. Ɓangaren dama na kuɗi ne: cefane, acaɓa, shayi, data, har ladan mai POS. Na hagu kuma na jiki ne: mintunan da na yi ina tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 a kwana biyar. Halin tsaro bai bar mu mu yi nisa da gari ba, don haka a cikin unguwa nake zagayawa bayan gari ya waye. Da wata ya ƙare na haɗa lissafi, sai na tarar abin da na zuba wa waya ya fi abin da na kai wa mahaifiyata. Wallahi na ji kunya.

Littafi kaɗai bai isa ba, domin wanda ke rubuta shi yana iya yi masa ƙarya. Duk Juma'a bayan La'asar, ni da wani abokin koyarwata mukan yi musayar littattafanmu. Sanin cewa wani zai duba ya sha tayar da ni daga shimfiɗa a safiyar hunturu.

Wani zai ce wannan ƙwauro ne, ko kuma riya. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsakaitawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro, kuma mutum ba zai san yana tsakiya ba sai ya auna. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Riya kuwa tana shigowa ne idan ka baje lissafinka a Facebook don a yaba maka. Amini ɗaya mai riƙon sirri ya wadatar.

Har yanzu nakan zame, akwai makon da shafina ke zama fari fat. Amma yanzu cikin kwana bakwai nake farga, a da kuwa sai in shekara. Ɗan uwa, 'yar uwa, a nemi littafi da biro a fara yau da dare bayan Isha'i.

Allah Ya sa mu dace, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.