Dila Ya Ci Riba, Yaranmu Sun Sha Guba

Mu a Unguwar Ya ba ma musun amfanin waya. Ɗan gwangwan ya ɗauki hoton mataccen batirin sola, ya tura wa dila a Kano ta WhatsApp, kafin la'asar kuɗi sun shigo. Wayar da ta mutu a Gwaram takan farfaɗo a Farm Centre. Madalla.

To, amma wa ke fasa batirin a bayan gida, yana ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe? Yaranmu ne. Dalmar cikin batiri ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, wajen haƙar zinare.

Dilan da ya iya ciniki ta waya, ya karɓi batiri a rufe. In ya ƙi, masu unguwanni su hana a sayar masa.