Zuwa ga Malaman Adana Bayanai a Kwamfuta



Daga Gagarawa nake rubuto muku, ku da ke koyar da wannan fanni a jami'o'in Dutse, Kafin Hausa da Bayero. Ni ba ɗan sana'arku ba ne, akwatin mahaifinmu ne ya kawo ni.

Bara ɗan ƙanena, wanda ke karatu a wata jami'a can nesa, ya zo hutu ya buɗe akwatin. A ciki akwai wasiƙun ajami, da takardar gona mai hatimin dagaci, da rasiɗan jangali na tun kafin Gwamna Rimi ya soke shi a 1979, gara ta ɗan ci gefensu. Kwana biyu yana ɗaukar hotonsu da waya. Kowane hoto sunansa IMG da lamba. Ya turo mini su ta WhatsApp, WhatsApp kuwa matse hoto yake yi, har wasalin ajamin ya dushe. Ba a jima ba aka zare wayar a kasuwar Maigatari, ran Alhamis.

Ɗaukar hoto kowa ya iya. Ku daɗe da ɗalibanku a kan bayanin da ke rakiyar hoton: wa ya rubuta takardar, yaushe, a wane gari, a hannun wa take yanzu. Tsarin Dublin Core da aka faro a 1995 guraben bayani 15 ne kacal, amma a allo haddace su ake yi don jarrabawa. Ku tura yara Gumel da Sule Tankarkar su durƙusa gaban dattijo su cike guraben daga bakinsa, tun yana raye. Su kuma gane cewa takardar da ta girmi 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, "Kano" za ta ce, kada su jera ta inda ɗan Jigawa ba zai nema ba.

Hoton asali a bar shi TIFF, kwafi uku, ɗaya a wani gari.

Sai izini. Takardar gona ba hoton biki ba ce. In ta hau intanet ba da sanin magada ba, tana iya kai 'yan'uwa gaban alƙali. A tambayi mai abu, a rubuta amsarsa.

Akwatin namu yana ƙarƙashin gado. Wanda zai turo ɗalibi, ya bari sai bayan girbi, lokacin akwai gero, ba za a rasa fura ba.

Wassalam,
Wani tsohon malamin firamare, Gagarawa