"Galibi" Daban, "Zalla" Daban

Akwai wasu kalmomin Ingilishi da suka cika rahotannin ofis, irin su "mainly", "largely" da "predominantly", waɗanda muka lura 'yan'uwanmu ɗalibai da sababbin ma'aikata suna yi musu riƙon sakainar kashi. Ma'anarsu "galibi" ko "akasari", watau akwai saura. "Exclusively" ita ce "zalla", ba surki. Amma da an sa mata "almost" a gaba, ita ma ta bar 'yar kafa.

Mu ɗauki Tsaskiya ta ƙasar Safana, maƙwabciyar Batsari. In akawu ya rubuta cewa mutanen yankin "mainly" manoma ne, bai yi ƙarya ba. Amma in shugabansa ya fahimci manoma ne zalla, to, an shafe Fulanin da ke kiwo a dajin Rugu ke nan. Ranar rabon fili ba mai tunawa da burtali ko mashaya, alhali kuwa tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo.

Saboda haka muna roƙon duk wanda ya rubuta "galibi" ya daure ya ƙara layi guda, ya faɗi ko su wane ne sauran.