Taurari Biyar Ɗin Cybertruck Ba Su Shafi Mai Tafiya a Ƙasa Ba

Masu kare Cybertruck, a-kori-kurar nan mai aiki da lantarki ta kamfanin Tesla, hujja guda suke ta nanatawa: ai hukumar kula da hadurran titi ta Amurka, NHTSA, ta ba ta taurari biyar a 2025, don haka duk mai sukarta ƙiyayyar shugaban kamfanin, Elon Musk, ce kawai ke cinsa. Ban yarda ba. Gwajin nan lafiyar wanda ke zaune cikin mota ya auna. Yaron da ke tsallaka titi ba ya cikin lissafi.

Ranar da aka fara miƙa motar ga masu saye, 30 ga Nuwamba 2023, Musk da bakinsa ya yi alfahari da cewa in ta yi karo da wata mota, ita ce da nasara. Jama'a suka tafa. To, nasara a kan wa? Wancan direban ma ɗan wasu ne, yana da iyali. Motar nan ta kai tan 3, jikinta ƙarfe mara tsatsa mai kusurwa-kusurwa, kuma mafi ƙarfin samfurinta kan kai gudun mil 60 a awa cikin daƙiƙa 2.6. Mun saba yabon mota da cewa "ƙarfe ce", amma bonet mai lotsewa shi ke shanye bugu, kan mutum ya tsira. Saboda haka ne dokokin Tarayyar Turai suka hana kusurwa mai kaifi a jikin mota, kuma a Janairu 2025 'yan sandan yankin Mancesta a Ingila suka ƙwace wata Cybertruck don ba ta da izinin hawa titinsu.

Ko na cikin ma bai kamata ya saki jiki ba. A Afrilu 2024 kamfanin ya janye motoci 3,878 saboda totur na iya maƙalewa. A Maris 2025 ya sake kiran kusan 46,000, don wani fallen ƙarfe da aka manna da gam yana ɓallewa a kan hanya. A garin Piedmont na Kalifoniya, ɗalibai uku sun mutu a Nuwamba 2024 bayan motar ta yi karo ta kama wuta. Gaskiya ne direban ya yi gudun wuce kima, amma iyayen biyu daga cikinsu sun kai ƙara suna cewa ƙofofin lantarkin sun ƙi buɗuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka mai da maganar siyasa, wasu na ƙona motocin Tesla, wasu na saye don nuna ɓangare. Alhali a 2022 kaɗai motoci sun kashe masu tafiya a ƙasa sama da 7,500 a Amurka, adadin da rabon a ga irinsa tun 1981. Ƙasar da ke binne mutane haka, wajibi ne ta gwada abin da gaban mota zai yi wa ƙirjin mutum kafin ta bar ta ta fito kasuwa.