Rana Ba Ta Ƙarya, Sai Dai Mai Faɗarta

Ran wata Litinin gwaggona ta dawo Mairuwa daga wani asibiti a birni, riƙe da ɗan kati da umarnin ta koma. Ma'aikacin da ya sallame ta bai rubuta kwanan wata ba. Da baki ya gaya wa jikanta, wanda ya raka ta don yana jin Turanci, cewa su dawo "next Thursday". Yaron ya juyo ya ce, "Iya, wai mu dawo Alhamis mai zuwa." Ta ƙirga a yatsunta: Talata gobe, Laraba jibi, Alhamis gata. Aka sayar da 'yar masarar da ta rage aka haɗa kuɗin mota. Ranar Alhamis suka yi sammako, suka bi hanyar da a 'yan shekarun nan duk mai binta sai ya bar sallahu a gida. Da suka isa aka ce sun yi gaggawa, Alhamis ta sama ake nufi. Tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka ji akwai kwana bakwai cur, kuma tsohuwar ce ta biya kuɗin wannan giɓi da guminta.

Ban kawo labarin don a tausaya mata ba. Na kawo shi ne don in ƙalubalanci wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan 'yan bokonmu, wai Turanci shi ne harshen ƙa'ida da tsare lokaci, Hausa kuwa harshen "sai an jima" ce da "in Allah ya kai mu". A fagen ambaton ranaku masu zuwa, wannan magana a kife take.

Mu fara da kalmar da ta jawo wahalar. Asalin "next" a tsohon Turanci ma'anarta "mafi kusa". In aka bi wannan, "next Thursday" a bakin mai magana ran Litinin ita ce Alhamis ɗin da ke tafe bayan kwana uku. Amma Turawa da yawa suna kiran wannan "this Thursday", su ajiye "next" ga Alhamis ta makon gobe. Duka biyun suna yawo a bakin masu harshen, a Ingila da Amurka, har yau ba su daidaita ba. Matsalar tana ƙara cakuɗewa da cewa ba su ma haɗu a kan ranar da mako ke farawa ba: kalandar Amurka takan fara da Lahadi, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 8601 kuwa ta ce Litinin. Mutanen Ingila suna da "Thursday week" don warware rikicin, sai dai Ba'amurke kan ji ta ya yi sororo. Kalmar "biweekly" tana nufin sau biyu a mako, tana kuma nufin sau ɗaya a mako biyu. Ko lamba ba ta tsira ba, domin 3/4 a Landan uku ga Afrilu ne, a Washington huɗu ga Maris.

Sai a dubi abin da Bahaushe ya gada. Yau, gobe, jibi, gata, citta: ranaku biyar a jere, kowacce da sunanta na kanta, babu mai shiga gonar wata. Turancin yau yana da kalma guda ga gobe, daga nan sai ya koma jera kalmomi. Bafaranshe da Bajamushe sun kai jibi. Mu mun wuce su da zango biyu. Da ma'aikacin nan Alhamis ta kusa yake nufi, "gata" ta wadatar. Tunda ta nesa yake nufi, "Alhamis ta sama" ta kashe magana. Muna da "rana ita yau" ga cikar mako, da "gobe war haka" ga cikar yini da sa'arsa. Muna da makon gobe da makon jibi, watan gobe da watan jibi, baɗi da baɗin baɗaɗa. Ranar da ke gaban biki jajibere ce, wadda ke bayansa kashegari. Hatta sunayen ranakun da muka aro daga Larabci ƙirga ne: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar.

Wannan arziki bukata ce ta haife shi. Al'ummar da ke rayuwa a kan kasuwannin mako, kamar yadda ake yi daga Faskari zuwa Sabuwa da Ƙanƙara, ba ta da sararin yin kuskuren rana. Falken da ya kuskure ranar kasuwa ya yi asarar mako. Manomin da ya kira gayya ya sa aka dafa abinci, in mutane suka zo kashegari, ya tafka hasara biyu. Suna yana da ranarsa, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in suna da nasu lissafi, aure kuwa sai an yi zama na musamman da ake kira sa rana. Mutanen da suka ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, ba za a koya musu darajar ajiye lokaci ba.

Hujja mafi ƙarfi ma daga bakin masu Turancin ƙasar nan ta fito. Da ɗan Nijeriya ya nemi jibi a Turanci ya rasa, sai ya ƙera "next tomorrow". Da ya nemi mako na sama ya rasa, sai ya ce "upper week". Malaman makaranta sun shekara suna jan jan biro a ƙarƙashin waɗannan kalmomi, suna kiran su kuskure. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da "next tomorrow" cikin jerin kalmomin Nijeriya da ya karɓa, tare da Kannywood. Abin da aka daki yara a kansa, ashe faci ne suke yi wa rigar da ta zo musu da ɓula.

Za a ce da ni, to ai ita ma Hausa ba ta tsira ba. Gaskiya ne, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. "Juma'a mai zuwa" takan rikita mai ji, musamman in an faɗe ta ran Alhamis. "Daren Juma'a" a wurin iyayenmu shi ne daren da ke biyo bayan faɗuwar ranar Alhamis, don a lissafin Musulunci dare ke gaban yini. Ɗan boko kuwa ya ji "Friday night" ya fassara ta da daren Juma'a, alhali daren Asabar ne. Akwai kuma "gobe" ta tela da "jibi" ta mai cin bashi, waɗanda ba su da ranar cika. Sai dai a lura da bambancin. Goben tela laifin tela ne, kalmar ba ta da shubuha, shi ya sa ake iya kama shi da ita. Ruɗanin daren Juma'a kuwa ya taso ne daga gwama lissafi biyu a baki ɗaya. Ita ma "mai zuwa", Hausa ta tanadar mata magani tun tuni: a ce "Juma'ar nan" ko a ce "ta sama". Da mai fassara ya maida "next" ta zama "mai zuwa" ba tare da ya tambaya ba, cutar wani harshe ya ɗauko ya shafa wa nasa, ya bar maganin a gida.

Wani zai ce abin bai kai a yi masa dogon rubutu ba, ai waya na hannu, a kira a tambaya. Mai wannan magana bai taɓa zama a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis ba, ya kuma manta da watannin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina a 2021 saboda matsalar tsaro. Ya manta cewa talaka ba ya maimaita wa mai kujera tambaya, don gudun tsawa. Wanda ya faɗi rana a dunƙule yana zaune a ofishinsa, ko an zo ko ba a zo ba albashinsa na nan. Wanda ya ji ta a dunƙule shi ke sayar da hatsi, shi ke hawa mota, shi ke kwana a tasha. Shubuhar harshe haraji ce, kuma a kan mara ƙarfi take faɗawa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Ma'aikacin asibiti da na kotu da na makaranta, in zai ba mutum rana, ya haɗa uku: sunan ranar, da kwanan wata a rubuce da sunan watan, da adadin kwanakin da suka rage. Ya ce, "Alhamis ta sama, nan da kwana goma." Mai sanarwa a rediyo da mai buga katin ɗaurin aure da mai tura saƙo a WhatsApp su yi haka. Mai fassara in ya ci karo da "next", ya tsaya ya tambaya kafin ya buɗe baki. Malaman Hausa kuma su mayar da gata da citta cikin aji, domin akwai yara a yau da suka haddace watannin Turawa goma sha biyu amma in ka ce musu "citta" sai su zaci kayan yaji kake nema.

Gwaggona ta koma asibitin a Alhamis ta sama, da kuɗin da aka ranto. Kafin ta baro wurin, da aka sake ba ta rana, ta ƙi motsawa daga bakin taga. Ta dubi ma'aikacin ta ce, "Ɗan nan, bar ni da Turancinka. Kwana nawa zan yi in dawo?" Ya ƙirga ya ce goma sha huɗu. Ta ƙulla adadin a ranta, ba ta kuma kuskure ba.